Daga Teku zuwa Madatsar Shagari: Me Ya Sa Ya Kamata a Ba Kifi Hutun Damina?

Gabatarwa

Sau da yawa idan malamin ilmin halittu ya iso kan darasin rayuwar teku a makarantun sakandaren Boɗinga ko Shagari, ɗalibai kan saurare shi tamkar mai ba da tatsuniya. Dalili kuwa a fili yake, domin daga Sakkwato zuwa gaɓar tekun Atlantika a Legas tafiya ce ta kimanin kilomita 1,000, kuma mafi yawan ɗaliban ba su taɓa ganin ruwan da ya fi gulbi faɗi ba. Ra'ayin wannan maƙala shi ne darasin ya shafe mu kai tsaye. Ƙa'idojin da ke tafiyar da haihuwar kifi da girmansa a bakin teku su ne dai suke aiki a madatsar ruwa ta Shagari da tafkunan fadamunmu. Mutanen bakin teku sun yi asara mai yawa kafin su fahimci waɗannan ƙa'idoji, mu kuwa muna da damar koyo daga gare su ba tare da mun biya irin wannan farashi ba. A kan haka ne za mu kawo hujjojin da ke nuna cewa wajibi ne a tsayar da su a wuraren haihuwar kifi daga watan Yuli zuwa Satumba, a hana raga mai ƙananan idanu, sannan a sa makarantu cikin aikin lura da ruwa.

Ƙasarmu ta taɓa zama teku

Kafin mu yi nisa, ya kamata mai karatu ya san cewa teku ba baƙo ba ne a ƙasar Sakkwato. Masana ilmin duwatsu sun tabbatar da cewa kimanin shekaru miliyan 60 zuwa 70 da suka wuce, wani teku marar zurfi ya ratsa inda Hamadar Sahara take a yau, ya malalo har yankinmu. Shaidunsa suna nan ƙarƙashin ƙafafunmu. A duwatsun Dange, maƙwabciyar Boɗinga, ana tsintar haƙoran kifayen teku da ƙasusuwansu. Dutsen farar ƙasa da ake haƙa a Kalambaina domin yin siminti ya taru ne daga ɓawon ƙananan halittun wannan teku. A yankin Goronyo kuma an tono ƙasusuwan wata ƙatuwar dabbar teku mai kama da kada, wadda masana suka raɗa wa suna Goronyosaurus a 1972 domin tunawa da wurin da aka same ta. Ashe ke nan duk ɗakin da aka gina da simintin Kalambaina yana ɗauke da ragowar rayuwar teku a jikin bangonsa.

Mene ne filankiton?

Idan aka ɗebo ruwan tafki mai launin kore-kore a kwalba, ido zai ga ruwa kawai. Amma da za a ɗiga ɗigo ɗaya a ƙarƙashin madubin ganin ƙananan halittu, sai a tarar da shi cike da rai. Waɗannan halittu 'yan mitsil-mitsil da ke yawo a ruwa, ba su da ƙarfin yin gāba da igiyarsa, su ake kira filankiton. Wani masani Bajamushe mai suna Victor Hensen ne ya ba su wannan suna a 1887, daga kalmar Girkanci mai ma'anar abin da ke gantali.

Filankiton iri biyu ne. Na farko shi ne na jinsin tsirrai, wanda ke haɗa abincinsa da hasken rana kamar yadda ganyen gero yake yi. Yana buƙatar haske da kuma sinadaran taki, musamman naitirojin da fosfaras, watau sinadaran da manomi ya sani a cikin buhun takin zamani. Duk da ƙanƙantarsa, kimanin rabin iskar oksijin da tsirran duniya ke fitarwa a kowace shekara daga gare shi take fitowa. Na biyu shi ne na jinsin dabbobi, wanda ke kiwo a kan na farko kamar yadda tumaki ke kiwo a makiyaya. Ƙananan kifaye suna cin wannan, manya su ci ƙanana, mutum kuma ya ci manya.

Akwai wani lissafi da ya kamata kowane ɗalibi ya riƙe. A kowane mataki na wannan tsani, kimanin kashi 10 cikin 100 ne kawai na ƙarfin abincin ke wucewa zuwa mataki na gaba, sauran ya tafi wajen numfashi da motsi da kashi. Alal misali, kilo 1,000 na filankiton tsiro zai ba da kimanin kilo 100 na filankiton dabba, wannan ya ba da kilo 10 na ƙananan kifaye, su kuma su ba da kilo 1 tak na giwan ruwa. Saboda haka yawan kifin da kowane ruwa zai iya bayarwa yana da iyaka, kuma ƙaruwar masunta ko ta raga ba ta ɗaga wannan iyaka.

Har iskar hunturu tana da hannu a wannan al'amari. Wani kaso mai yawa na hazon da ke rufe mu daga Disamba zuwa Fabrairu yana tasowa ne daga kwarin Bodele a ƙasar Cadi, inda wani makeken tafki ya ƙafe shekaru dubbai da suka wuce. Ƙurar wurin ta ƙunshi ɓawon filankiton da suka rayu a wannan tafki. Iska tana kwasarta ta bi ta kanmu, ta zuba wani sashe a tekun Atlantika, inda sinadarin ƙarfe da fosfaras da ke cikinta suke zama taki ga filankiton da ke raye a yau.

Makonnin farko na rayuwar kifi

Yawancin kifayen teku suna zuba ƙwai masu ɗimbin yawa su bar su ga ruwa. Babbar macen kifin kod, wanda busasshensa ke zuwa kasuwanninmu daga Norwe, takan zuba ƙwai miliyoyi a shekara guda. Mai karatu zai tambaya, to me ya hana teku cika da kifi? Amsar ita ce kusan dukkansu suna mutuwa tun suna ƙanana. Ɗan kifi yakan ƙyanƙyashe da 'yar jakar gwaiduwa a cikinsa, wadda za ta ciyar da shi na 'yan kwanaki. Da zarar ta ƙare, dole ne ya sami filankiton daidai girman bakinsa, a kusa da shi, a wannan lokaci. In bai samu ba, yunwa ta kashe shi, ko rauni ya sa wani ya cinye shi.

Wani masani ɗan ƙasar Norwe, Johan Hjort, shi ne ya bayyana wannan a 1914. Ya nuna cewa yawan kifin da masunta za su kama bayan shekaru uku ko huɗu ya dogara ne ƙwarai a kan abin da ya faru da 'ya'yan kifin a makonninsu na farko. Shekarar da ƙyanƙyasa ta dace da bunƙasar filankiton sai a sami zuriya mai yawa, wadda kuwa aka yi saɓani sai a ga ƙaranci.

Wannan ne ya sa ruwan gaɓa ya fi tsakiyar teku albarka. A gaɓa ruwa ba shi da zurfi, haske yana ratsa shi, koguna kuma suna kawo masa taki daga tudu. A wasu gaɓoɓin, kamar na Muritaniya da Senegal, iska kan ture ruwan sama zuwa cikin teku, sai ruwan ƙasa mai sanyi da yalwar taki ya taso ya maye gurbinsa. A gaɓar Gana da Kwaddibuwa wannan tasowa takan faru daga Yuli zuwa Satumba, kuma lokacin ne kifin sadin yake hayayyafa. Gaɓar Nijeriya, mai tsawon kimanin kilomita 853, ta fi dogara ne a kan abin da koguna ke kawowa, musamman Kwara. Ruwan Gulbin Rima da na Sakkwato a Kwara yake zuba, don haka ruwan saman da ya wanke gonakin Boɗinga yana da rabo a cikin abincin kifin bonga da ke girma a bakin teku.

Darussa uku daga teku

A ƙasar Masar, ambaliyar kogin Nilu ta kasance tana kai taki cikin Bahar Rum kowace shekara. Da madatsar Aswan ta fara tare ruwan a tsakiyar shekarun 1960, kamun sadin a gaɓar Masar ya faɗo daga kimanin tan 18,000 a 1962 zuwa ƙasa da tan 1,000 kafin ƙarshen waɗannan shekaru. Ba a ƙara yawan masunta ba, abincin 'ya'yan kifin ne aka yanke.

A ƙasar Peru, jiragen su sun kama fiye da tan miliyan 12 na wani ɗan ƙaramin kifi mai suna ancobeta a 1970 kaɗai. A 1972 ruwan gaɓar ya yi ɗumi, tasowar ruwa mai taki ta raunana, filankiton ya ragu, amma jirage suka ci gaba da kwasar abin da ya saura. Zuwa 1973 kamun bai kai tan miliyan 2 ba.

A ƙasar Kanada kuwa, an yi ɗaruruwan shekaru ana kama kod a gaɓar Newfoundland. Manyan jirage na zamani suka kwashe iyayen kifin har gwamnati ta rufe sun baki ɗaya a 1992, mutane kimanin 30,000 suka rasa sana'a. Sai a 2024, bayan shekaru 32, aka sake buɗe shi, shi ma da ƙayyadadden adadi. Ƙasar da ta ƙi ba kifi hutun watanni ta wayi gari tana ba shi hutun shekaru ala tilas.

Fadama ita ce gaɓar tekunmu

Abin da ruwan gaɓa yake ga kifin teku, shi ne fadama da gefen madatsa suke ga kifinmu. Idan ruwan sama ya kankama a Yuli da Agusta, ruwa kan hau kan ciyawa da kashin dabbobi da ruɓaɓɓen ganye. Taki ya narke, filankiton ya bunƙasa, ciyawa kuma ta zama maɓoya. Kifayenmu sun daidaita haihuwarsu da wannan lokaci. Tarwaɗa takan bi sabon ruwa cikin dare ta zuba ƙwai dubbai a kan ciyawa, su ƙyanƙyashe cikin kwana ɗaya ko biyu, gwaiduwarsu ta ƙare cikin kamar kwana uku, daga nan sai neman filankiton. Bargi yakan share wuri a cikin ciyawa ya yi sheƙa mai faɗin kusan mita ɗaya, iyaye su tsaya gadi. Yauni ma sheƙa yake yi da ciyawa a saman ruwa. Karfasa kuwa uwa ce ke ɗaukar ƙwanta a baki har su ƙyanƙyashe, kusan ba ta cin abinci a tsawon wannan lokaci. Duk wanda ya kama irin wannan uwa ya kama ta ne tare da 'ya'ya ɗaruruwa.

Abin takaici, wannan lokaci shi ne kifi ya fi sauƙin kamu, domin yana taruwa a ruwa marar zurfi. Ana tare masa hanya da shinge, ana jan taru mai ƙananan idanu, wasu ma har da gidan sauro suke su. Irin wannan raga ba ta barin ko ɗan kifin da bai kai yatsa ba. Kwano guda na waɗannan 'ya'ya, wanda ba zai ƙosar da gida ɗaya ba, da an bar shi watanni shida da ya cika kwanduna. Mafi muni shi ne zuba magimfa ko maganin ƙwari a ruwa, wanda ke kashe kifi da filankiton dabba gaba ɗaya, ya kuma cutar da mai ci.

Mu ma muna da namu labarin na Aswan. Bayan kammala madatsar Bakalori a 1978, ambaliyar da ke shayar da fadamun da ke ƙasa da ita ta ragu, noman fadama da su suka ja baya a ƙauyuka da dama. Madatsar Goronyo, wadda aka kammala a 1984, ita ma ta sauya yadda ruwa ke sauka a Gulbin Rima. Tun da wuraren haihuwa sun ragu, waɗanda suka saura, irin su gefen madatsar Shagari, sun ƙara daraja, kuma sun cancanci kariya fiye da da.

Hujjojin masu ja da wannan ra'ayi

Hujja ta farko, kuma mafi nauyi, ita ce ta talauci. Masunci zai ce, in na ajiye raga wata uku, me iyalina za su ci? Wannan tambaya ce ta gaskiya, kuma duk dokar da ta yi biris da ita a takarda za ta tsaya. Sai dai a lura da abu biyu. Watannin da ake magana a kansu su ne na noma, kuma yawancin masuntanmu manoma ne. Bugu da ƙari, ba a ce a rufe ruwa duka ba. Abin da ake nema shi ne a keɓe gefe marar zurfi da bakin rafukan da ke shiga madatsa, a bar su da ƙugiya da raga mai manyan idanu a tsakiyar ruwa. Ƙananan hukumomin Shagari da Boɗinga za su iya haɗa tallafin taki da iri da wannan hutu, yadda wanda ya kiyaye doka zai ga amfaninta tun a daminar. Ƙasar Gana ta tsayar da masuntan kwalekwale na tsawon wata guda a 2019, kuma gardamar da ta biyo baya ta nuna cewa sai an zauna da masunta an daidaita lokaci kafin irin wannan doka ta karɓu.

Hujja ta biyu ita ce a sayo 'ya'yan kifi daga gonakin ƙyanƙyasa a zuba a madatsa kowace shekara. Kiwon kifi sana'a ce mai kyau, ya kuma kamata a bunƙasa ta. Amma ɗan kifin da aka zuba a ruwan da ake jan gidan sauro a cikinsa ba zai kwana biyu ba. Haka kuma gonaki tarwaɗa da karfasa suka fi ƙyanƙyasa, ba za su maido mana da yauni ko kurungu ko ragon ruwa ba.

Hujja ta uku ita ce ta kifin sanyi da ya cika kasuwa. Gaskiya ne Nijeriya tana cikin ƙasashen Afirka da suka fi shigo da kifi, daga tekunan arewacin Turai da wasu wurare. To amma da kuɗin waje ake sayensa, farashinsa yana hawa duk lokacin da naira ta faɗi, kuma shi ma ɗin yana ƙarƙashin iyakar da muka bayyana a baya. Al'ummar da ta bar ruwanta ya mutu saboda dogaro da jirgin wani ta sa abincinta a hannun da ba nata ba.

Masu cewa hutun su baƙuwar dabara ce ta Turawa kuwa, sai su dubi Argungu. Kifayen da ake alfahari da su a Matan Fada suna kai wannan girma ne domin an hana su a wurin tsawon shekara, ƙarƙashin kulawar Sarkin Ruwa, sai ranar biki. Bikin ya samo sifarsa ta yanzu ne daga 1934, kuma hukumar UNESCO ta sa shi cikin al'adun duniya da ake tattali a 2016. Kakanninmu sun san amfanin keɓe ruwa tun kafin a rubuta Dokar Su a Ruwayen Cikin Gida ta 1992. Abin da kimiyya ta ƙara shi ne bayanin dalili, da kuma sanin watannin da suka fi muhimmanci.

Aikin da makarantu za su iya yi

Doka ba ta tsayawa da ƙafafunta sai da ma'auni, kuma a nan ne malamai da ɗalibai suke da rawar takawa. Masana na Jami'ar Usmanu Danfodiyo sun yi nazarin ruwan madatsar Shagari da filankiton da ke cikinsa, amma mai bincike yakan zo ne na ɗan lokaci ya tafi, makaranta kuwa tana nan kowace shekara. Ga ayyuka uku da ba sa buƙatar kuɗi mai yawa.

Na farko, a sami murfin kwano mai faɗin kamar santimita 20, a shafa masa farin fenti, a ɗaura masa igiya mai alamar santimita da ɗan dutse a ƙasa. A riƙa sauke shi cikin ruwa har ya ɓace wa ido, a rubuta zurfin. Wannan ma'auni, wanda Angelo Secchi ya fara amfani da shi a 1865, har yau masana teku suna aiki da shi. Ruwa mai kore-kore alama ce ta filankiton, ja ko ruwan ƙasa kuwa laka ce da ke tare haske. Idan kore ya yi kauri kamar fenti, taki ya yi yawa ke nan, kuma irin wannan ruwa yakan rasa oksijin da asuba har kifi ya mutu.

Na biyu, a ɗinka mazurari da kyalle mai laushi, a ɗaura 'yar kwalba a ƙarshensa, a tace bokiti goma na ruwa, sannan a duba abin da ya taru a madubin makaranta, a zana shi, a ƙidaya. Na uku, a je wurin da masunta ke sauke kaya sau ɗaya a wata, da izinin Sarkin Ruwa, a auna tsawon kifi 30 na kowane iri, a tambayi dattawa sunayensu da lokacin da suke ɗaukar ƙwai. Idan matsakaicin tsawon yana raguwa shekara bayan shekara, alama ce ana kama kifi kafin ya haihu.

Wajibi ne a yi duk wannan daga gaɓa, ƙarƙashin idon malami, ba tare da shiga ruwa ba, saboda cutar tsargiya da kuma haɗarin nutsewa. Hatsarin kwalekwalen da ya ci rayukan yara da matasa da dama a yankin Shagari a watan Afrilun 2022 ya isa gargaɗi.

Kammalawa

A taƙaice, yawan kifin da za a kama baɗi ana yanke shi ne a cikin makonni kaɗan na daminar bana, a ruwan da bai wuce gwiwa ba, tsakanin 'ya'yan kifi da halittun da ido ba ya gani. Masar da Peru da Kanada sun nuna abin da ke biyo baya idan aka yanke abincin 'ya'yan ko aka kwashe iyayen, Argungu kuma ta nuna cewa keɓe ruwa abu ne da al'ummarmu ta iya. Saboda haka muna kira ga ƙananan hukumomin Shagari da Boɗinga, da Hukumar Raya Kogunan Sakkwato da Rima, da sarakunan ruwa, su zauna da masunta kafin damina mai zuwa, su shata wuraren haihuwa, su ayyana hutun Yuli zuwa Satumba. Malaman kimiyya kuma su buɗe littafin ma'auni tun wannan zango. Makarantar da ta riƙe irin wannan littafi shekara biyar a jere za ta mallaki hujjar da masunci da hukuma duka za su saurara.